Yadda ake auna ɓangaranci a rediyo da jaridun Jos, da yadda ake bin kadinsa

A teburin mai shayi na Bauchi Road za ku ji ana cewa gidan rediyo kaza ya zama kakakin gwamnati. Ku gangara Tudun Wada ko ku wuce Bukuru, sai ku tarar ana zargin wannan gidan dai da yi wa 'yan adawa aiki, kuma labaran ƙarfe bakwai ɗin nan guda ɗaya kowa ya saurara. Mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu yana da gaskiya. Matsalar ita ce da za a kai su gaban edita, tambaya uku za ta kashe musu baki: wace rana, ƙarfe nawa, wace jimla? Ƙorafin da ba shi da waɗannan amsoshi a kwandon shara yake kwana. Wanda ya zo da rana da lokaci da sautin da aka naɗa kuwa, ko ba a so sai an karanta shi.

Wannan bayani domin ƙungiyoyin matasa ne, da ɗaliban aikin jarida, da kwamitocin unguwa, da duk wanda ya gaji da gunaguni. Aikin ba ya cin kuɗi sosai. Abin da yake ci shi ne haƙuri.

Ku fara da sanin mai gida

Jaridar The Nigeria Standard gwamnatin tsohuwar Jihar Binuwai-Filato ce ta kafa ta a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, kuma har yau ta gwamnatin Filato ce, kamar gidan rediyo da talabijin na PRTV. NTA Jos da Highland FM na Gwamnatin Tarayya ne. Sauran tashoshin da suka cika gari na 'yan kasuwa ne, ko na jami'a. Ɗan siyasa ya mallaki jarida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a 1949. Don haka sanin mai gida ba hujja ba ce ta ɓangaranci. Yana nuna muku ne kawai inda za ku sa ido.

Sunan tasha sau da yawa ba shi ne sunan kamfanin da ya mallake ta ba. A jarida, ku duba ƙasan shafin ƙarshe, inda ake rubuta wanda ya buga da adireshinsa. A shafin intanet, ku gangara can ƙasa. Wannan sunan za ku shigar a shafin bincike na hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda tun 2023 take da rajistar da ke nuna ainihin masu iko da kamfani. Idan kun ga sunan da ba ku sani ba a matsayin mai hannun jari, kada ku yi saurin cewa ɗan goyon wani ne. Ku rubuta shi ku ajiye. Shafin labarai da ba shi da adireshi, ba sunan edita, ba lambar waya, shi kansa wannan rashin abin rubutawa ne.

Mai biyan kuɗi ya fi mai takardar mallaka ƙarfi a wurare da yawa. Ku ɗauki jaridar mako biyu ku ƙirga tallace-tallacen cikakken shafi: nawa ne na ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi, nawa ne na taya gwamna ko sanata murnar zagayowar ranar haihuwa, nawa ne na 'yan kasuwa na haƙiƙa. A rediyo ku ƙirga shirye-shiryen da wata ma'aikata ta ɗauki nauyi. Gidan da rabin abincinsa ke fitowa daga aljihu ɗaya ba ya buƙatar a buga masa waya kafin ya kau da kai daga wani labari. Kowa ya ci ladan kuturu, ai an san sauran.

Ƙidayar kanta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin masu farawa suke ɓata shi.

Ku zama mutum huɗu, kuma kada ku fito daga jam'iyya ɗaya. A Jos za mu ƙara da cewa kada ku fito daga masallaci ɗaya ko coci ɗaya. Ba don neman suna muke faɗin haka ba. Kunnen mutum yana jin zafin abin da ya taɓa nasa ne, yana tsallake wanda ya taɓa na wani, kuma ranar da kuka fitar da sakamako tambayar farko da za a yi ita ce su wane ne suka yi aikin.

Ku zaɓi kafa biyu aƙalla, ɗaya ta gwamnati ɗaya mai zaman kanta, don ku sami abin kwatantawa. Ku tsaya a kan babban labaran da aka fi saurara, lokaci ɗaya kullum, kwana 14 a jere har da Asabar da Lahadi. Mako ɗaya ba ya isa, domin ziyarar shugaban ƙasa ko gabatar da kasafin kuɗi na iya cinye shi gaba ɗaya ya karkatar da lissafi. Ku naɗi kowane shiri da waya, ku sa wa fayil ɗin suna da tasha da kwanan wata da lokaci, ku tura kwafi ga mutum na biyu a daren. Wayar da za a yi naɗin da ita a kashe mata kira, domin kira ɗaya yana yanke sautin. A tanadi rediyo mai batir saboda wuta.

A littafi mai faɗi, ku ja layuka. Kowane labari yana da nasa layin: kwanan wata, matsayinsa a jeri, na farko ne ko na takwas, tsawonsa da daƙiƙa, wanda labarin ya shafa da jam'iyyarsa, wanda aka ji muryarsa da kansa da daƙiƙa nawa, wanda aka ambata kawai, daga ina labarin ya fito, wakili ne ya je ko sanarwar manema labarai ce, idan akwai zargi, an nemi jin ta bakin wanda ake zargi ko ba a nema ba, sannan launin labarin, yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki. A jarida, santimita ce ke maye gurbin daƙiƙa: ku auna tsawon rubutun da rula, ku rubuta lambar shafi, da ko akwai hoto.

Gurbin muryar nan ku riƙe shi da muhimmanci. Ana iya ambaton ɗan adawa sau goma a mako ba a taɓa barin jama'a su ji shi ba, kullum mai karanta labarai ne ke taƙaita maganarsa a jimla ɗaya, alhali ɗaya ɓangaren ana sakin muryarsa ta yi minti guda.

Gurbin launi shi ne mai rigima. Mutum biyu su cike shi daban-daban ba tare da sun ga na juna ba, sannan a haɗa. Inda suka saɓa, a sake sauraro tare. Idan har an kasa daidaitawa, a rubuta tsaka-tsaki. Gara ku rage wa kanku hujja da a kama ku da ƙari. Idan kuka ga kuna saɓawa a fiye da labari biyu cikin goma, ma'aunin ku ne bai fito ba. Ku tsaya ku rubuta abin da kuke nufi da yabo da suka, ku sake farawa.

Kuskuren da ya fi kayar da irin wannan aiki shi ne haɗa aikin ofis da siyasa. Gwamna mai ci dole ya fi kowa fitowa a labarai, domin shi ke rattaba hannu a kasafi, shi ke karɓar baƙi a gidan gwamnati na Little Rayfield. Idan kuka tara komai wuri ɗaya kuka ce ya kwashe kashi tamanin, edita zai ce muku gwamna ai labari ne, kuma ya yi gaskiya. Ku raba gida biyu. Buɗe asibiti aikin ofis ne. Idan a wajen buɗe asibitin aka karɓi masu sauya sheƙa, ko aka ɗaga hannun ɗan takara, ko aka caccaki jam'iyyar hamayya, daƙiƙun wannan ɓangaren a gidan siyasa za su shiga. A gidan siyasar ne kawai za ku yi kwatance. A ce, domin misali, kun tara daƙiƙa 3,000 na labaran siyasa zalla, jam'iyya ɗaya ta sami 2,400 sauran duka suka raba 600, kuma cikin zarge-zarge 12 sau biyu kacal aka nemi ɗaya ɓangaren. Wannan magana ce da ba a iya turewa da murmushi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da gari irin namu. Labaran Hausa a gidaje da yawa fassara ce ta na Ingilishi, kuma a hanyar fassarar ake asarar abubuwa. Kalmar da ke nuna zargi ne ba tabbas ba takan faɗi a hanya, sai wanda ake tuhuma ya wayi gari ya aikata. Martanin ɗaya ɓangaren, da yake a ƙarshen labari yake zuwa, shi ake yankewa idan lokaci ya ƙure. Wani lokaci kuma labari sukutum yana cikin na Ingilishi babu shi a na Hausa, ko akasin haka. Ku naɗi duka biyun na rana ɗaya ku jera su. Sau da yawa gaggawa ce da ƙarancin ma'aikata, ba mugun nufi ba, amma ga mai sauraro a Gangare ko Angwan Rogo sakamakon ɗaya ne.

Shirin kiran waya kuma a ƙirga masu kira, da daƙiƙun da aka bar kowa, da wanda aka katse, da wanda mai gabatarwa ya yi wa tambayar ƙure, da wanda ya bari ya zuba son ransa. Idan muryoyi biyar ɗin nan ne kullum suke samun layi, ku rubuta.

Kalmomi, da abin da aka yi shiru a kansa

Ku sa kunne a kan aikatau. "Ya ce" ba ta ɗauki ɓangare ba. "Ya yi iƙirarin" tana nufin kada ku yarda da shi. "Ya bayyana" da "ya tabbatar" suna nufin maganar gaskiya ce. "Ya tona asirin" ta riga ta yanke hukunci. Idan mutanen gwamnati kullum bayyanawa suke yi, 'yan adawa kuma kullum iƙirari, ko aka juya, to kun kama zaren. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ku musanya sunaye: ku ɗauki kanun labarin ku sa sunan abokin hamayya a gurbin, ku tambayi kanku ko gidan nan zai rubuta shi haka.

A Filato wannan ba wasan nahawu ba ne. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na ƙarshen Nuwamba 2008 da ya ɓarke bayan zaɓen Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, da na Janairu da Maris 2010, duk sun koya wa garin nan cewa labarin siyasa yana iya rikiɗewa ya zama na addini da ƙabila kafin azahar. Don haka idan an kai hari, ku duba abu uku. Yaya aka kira maharan, kuma wa ya tabbatar da ko su wane ne? Idan a wani harin an ce "'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba", a wani kuma aka kama sunan ƙabila tun kafin 'yan sanda su yi magana, wannan bambanci ne da za a rubuta. Na biyu, adadin mamata daga bakin wa ya fito: rundunar tsaro, shugaban ƙaramar hukuma, ƙungiyar al'umma, ko "wata majiya"? Na uku, mamatan wane ɓangare ne ake ba su suna da shekaru da iyali, na wane ɓangare ne suke tsayawa a lamba? Haka kalmomin "'yan asali" da "baƙi" idan suka shigo labarin da ba ruwansa da su.

Labaran kotu ma wurin kallo ne. A Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen Gwamna Caleb Mutfwang, a Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. A irin wannan tsakani, gidan da ke aikinsa zai gaya wa jama'a cewa hukuncin farko ba shi ne na ƙarshe ba, ya faɗi dalilin da kotu ta bayar, ya ji daga lauyoyin ɓangarorin biyu. Wanda ya ɗauki ɓangare, ko dai ya yi biki ko ya yi zaman makoki.

Gane sanarwar da aka mayar labari ba wuya. Ku kwafi jimla ɗaya daga tsakiyar labarin, ku sa ta tsakanin alamun zance a Google. Idan ta fito kalma da kalma a shafuka biyar, daga ofishin mai magana da yawun wani ta fito. Buga sanarwa ba laifi ba ne. Ɓoye cewa sanarwa ce shi ne laifin. Hoto kuma a binciki asalinsa da Google Lens ko TinEye, domin tsofaffin hotunan gawarwaki da na taron jama'a daga wasu ƙasashe suna yawan dawowa da sabon suna. Shafukan tantance labarai na Dubawa da FactCheckHub sukan riga sun bi diddigin waɗanda suka fi yawo.

Shiru ya fi komai wuyar kamawa, shi ya sa muka ce kafa biyu. Yajin aikin ma'aikata, ko zanga-zangar 'yan fansho, ko rahoton mai binciken kuɗi da ya fito a ɗaya bai fito a ɗaya ba har kwana uku, ku buɗe masa shafi na musamman.

Neman takarda

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardu daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. An daɗe ana gardama ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilu 2025 cewa ta shafe su. Gidan watsa labarai na gwamnati hukuma ce, don haka kuna iya neman jadawalin farashin tallan siyasa, da jerin lokutan da aka sayar wa kowace jam'iyya daga wata kaza zuwa wata kaza. Ma'aikatar yaɗa labarai kuma kuna iya neman abin da ta biya kafafen watsa labarai a shekara kaza.

Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. Idan ta yi shiru, doka ta ɗauka ta ƙi, kuma kuna da kwana 30 ku je kotu. Wanda aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, tararsa Naira 500,000 ce. Abin da ke kashe buƙatun mutane guda uku ne. Suna tambayar "me ya sa" maimakon su nemi takarda, alhali doka takarda ta sani. Suna neman komai da komai na shekara goma. Sannan suna miƙa wasiƙa su tafi ba tare da an buga musu hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinsu ba, kuma ba tare da hatimin nan ba babu ranar da za a fara ƙirga kwana bakwai.

Kai ƙorafi

Edita ko manajan labarai ne farko, a rubuce, shafi ɗaya. Ku faɗi rana da lokaci, ku kawo jimlar yadda take, ku faɗi abin da ba daidai ba da hujjarku, ku haɗa da teburin ƙidaya. Sannan ku nemi abu takamaimai: gyara a shirin da aka yi kuskuren kuma a lokaci irinsa, ko damar mayar da martani ga wanda aka taɓa. Ku ba da mako guda. Ku jingina da ƙa'idojin aikin jarida da 'yan jaridar Nijeriya suka amince da su a Ilorin a 1998, waɗanda suka wajabta gaskiya da adalci da gyara kuskure, suka kuma hana karɓar na goro don a buga labari ko a danne shi. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayani. Tunatar da edita wannan ya fi zaginsa amfani nesa ba kusa ba.

Kada ku ɗora wa wakili komai. Shi ba ya rubuta kanun labari, ba ya zaɓar abin da zai zo farko, kuma a gidaje da yawa albashinsa ba ya zuwa a kan kari, wanda shi ne ƙofar da ambulan ɗin na goro ke shigowa. Wannan bai wanke karɓa ba, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Idan an yi biris da ku, rediyo da talabijin hukumar NBC ce ke kula da su, kuma kada ku jinkirta, domin tashoshi ba sa ajiye naɗin shirye-shirye har abada. Ku sani cewa a Mayu 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara da kanta, don haka ku nemi gyara da gargaɗi. Jarida da shafukan intanet kuma akwai Majalisar 'Yan Jarida ta Nijeriya, akwai kuma hukumar sauraron ƙorafi da masu gidajen jaridu da editoci da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ suka ƙaddamar a Afrilu 2023 ƙarƙashin Emeka Izeze. Reshen NUJ na jiha ma a ba shi kwafi.

Lokacin yaƙin neman zaɓe hujjarku ta fi kaifi. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022, a lokacin da take aiki, ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya ce a raba lokaci daidai a sa'o'i masu kama da juna, ya sa tarar Naira miliyan 2 a karon farko da miliyan 5 idan an maimaita. Sai dai sashen ya ce bisa biyan kuɗin da ya dace, kuma ta nan tashoshi ke zillewa, su ce ɗaya ɓangaren bai kawo kuɗi ba. Maganin haka shi ne jam'iyyar ta nemi lokaci a rubuce, ta karɓi hatimi, ta ajiye rasit ko takardar ƙi. Majalisa tana taɓa dokar zaɓe kusan kowane zango, saboda haka ku karanta wadda ke aiki kafin ku kawo lambar sashe, ku kuma aika wa ofishin INEC na jiha kwafi.

Idan za ku wallafa sakamakonku a Facebook, ku tsaya a kan abin da kuka auna. "Cikin kwana 14 an ba wannan daƙiƙa kaza, an ba wancan kaza" magana ce da kuke da sautinta. "An saye su" magana ce da ba ku da rasit ɗinta, kuma ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ko bayan gyaran 2024 ana ci gaba da kama mutane da shi. Ku tura wa gidan sakamakon kwana uku kafin ku fitar, ku buga amsarsu tare da naku, domin abin da kuke nema daga gare su ke nan. Inda suka yi daidai ku faɗa.

Bayan wata uku ku maimaita, tasha ɗaya, lokaci ɗaya, layuka iri ɗaya, kwana 14. Ku ƙara gurbi guda a littafin: gyara nawa aka yi, bayan kwana nawa, kuma a wane lokaci aka karanta shi.